Wadda Ta Shayar da Ridwan

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Da hantsi Muhyiddeen, mijin 'yata Halimatussa'adiya, ya kira daga Kano ya ce ta sauka lafiya, an samu namiji. Na yi hamdala, na sauke gyaɗar da nake soyawa tun ba ta gama yin ja ba, na shiga ɗaki ina ninke zannuwa. Shirinmu shi ne da an sallame ta daga asibiti a kawo mini ita gida wankan jego, tunda haihuwar fari ce. Itacen ma na riga na tara a bayan ɗaki.

Ana kiran sallar farko sai ga Babba, ɗana na fari, ya shigo. Shi dillalin shanu ne a kara, ranar Juma'a ba ya ganin gida sai magariba. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa a hannu, ko sallama bai yi ba. Na tambaye shi ko ya ji an yi masa ɗa. Sai ya durƙusa.

"Inna, sai haƙuri. Jini ne ya ɓalle mata bayan haihuwar. An yi iya yi."

Ban tuna abin da na ce ba. Matarsa Safiyya ce ta gaya mini daga baya cewa na yi salati, sannan na tambaya wa ke riƙe da yaron. Muka tafi Kano, aka yi mata sutura bayan la'asar. Mahaifiyar Muhyiddeen ta daɗe da rasuwa, don haka ni aka miƙa wa jaririn a cikin tawul. A cinyata ya ƙetare gadar Wudil. Ranar suna aka raɗa masa Ridwan, ba kiɗa ba taro, aka yanka rago aka raba.

Sadiya, kamar yadda muke kiranta, ita ce autata. Tana sakandare mahaifinsu ya rasu, da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na ƙarasa renonsu. Ni karatuna na boko bai wuce na makarantar matan aure ba, amma ita Allah ya buɗa mata kai. Ta samu jami'ar nan ta garinmu, tana tafiya daga gida tana dawowa, tana karanta abin da suke kira fiziks. A can ta haɗu da Malama Laraba, wata Kirista 'yar Kaltungo da ta daɗe tana koyarwa a Wudil. Ita ce ta zo har tsakar gidan nan, ta zauna a kan tabarma, ta roƙe ni da Babba mu bar yarinyar ta wuce Zariya ta ƙaro karatu a kan nukiliya. Babba ya ce shi abin da ya sani da wannan suna bam ne. Malama ta yi dariya ta ce wuƙar da mahauci ke fiɗa da ita, da irinta likita ke ceton rai. Muka bar ta ta tafi.

Da ta gama sai ta samu horo a wani asibiti a Kano, inda ake yi wa masu ciwon daji gashi da inji. Na taɓa tambayarta ko ta zama likita ne. Ta ce a'a.

"Inna, kin ga yadda kike kara hannu a kasko kafin ki zuba gyaɗa? In wuta ta yi yawa ta ƙone, in ta yi kaɗan ta fito ɗanya. Ni ma hasken injin nake aunawa kowace safiya kafin a kwantar da mara lafiya."

Wannan bayanin ya ishe ni. Duk wanda ya tambaye ni aikinta, haka nake maimaita masa.

Matsalar ta samo asali ne tun Sadiya tana da rai, ranar sunan Walida, 'yar Babba da Safiyya. Lokacin cikin Sadiya ya fara fitowa. Daga wurin aiki ta taho kai tsaye don kada ta rasa taro. Da ta cire hijabi a ɗakin mai jego, sai aka ga wasu 'yan abubuwa biyu na roba, kowanne bai kai kwalin ashana ba, ɗaya maƙale a wuyan rigarta, ɗaya a daidai cikinta. Mahaifiyar Safiyya, Yaya Sharifa, wadda ta zo daga Indabo don wankan 'yarta, ta nuna da baki ta tambaya ko layun 'yan boko ne. Sadiya ta ce ta manta ne ba ta cire a ofis ba. Ta ce baji ake kiransu, suna auna hasken da ya taɓa mai aiki, na saman nata ne, na ƙasan na ɗan cikin. Aka yi dariya, wata ta ce yaro tun bai fito ba an ɗauke shi aiki. Yaya Sharifa ba ta yi dariya ba.

Da muka dawo da Ridwan gida, ba wanda ya roƙi Safiyya. Da kanta ta karɓe shi daga hannuna ta sa masa nono, Walida na ɗaya gefen. Haka aka saba, in uwa ta rasu ta bar jinjiri, mai goyo ta cikin dangi ita ke ɗauka. Yaron ya kama da ƙarfi. Na ce a raina, ko ba komai Allah bai haɗa mana biyu ba.

Bayan sadakar uku sai Walida ta tashi da zazzaɓi, ƙuraje suka feso mata a wuya. Yaya Sharifa tana gidan, ta zo zaman makoki. Ta duba jikarta, ta dubi Ridwan, sai ta kira 'yarta ɗaki. Ina tsakar gida amma ina jinsu, don ba ta rage murya ba. Ta ce ita da idonta ta ga abin da aka rataya wa marigayiya a ciki, kuma ba a rataya wa ciki laya sai in akwai abin da ake tsoro a cikinsa. Ta ce hasken nan da ke ƙona ciwo shi ya tsinka wa uwar jini, shi yaron ya kwanta a ciki wata tara, yanzu kuma yana zuba shi a nono da bakinsa, ga shi har ya fara fita a jikin Walida. Safiyya ta fara ba ta haƙuri. Sai na ji uwar ta ce:

"In kika ƙara sa masa nononki a baki, wanda kika sha a ƙirjina ban yafe miki ba."

Washegari ta koma Indabo.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Babba ya fusata, ya ce matarsa ce, zai ba ta umarni. Na hana shi. Na ce kada ya sa 'yar mutane tsakanin miji da uwa, duk inda ta juya wuta ce. Ya je wurin liman, liman ya ce in rai na cikin haɗari irin wannan furuci ba ya ɗaure mutum. Safiyya ta saurara kanta a ƙasa, ta ce ta ji, amma ba liman ne ya shayar da ita ba. Ban da haka ma, tsoro ya riga ya shige ta saboda Walida, ko da yake ƙurajen sun baje da kansu cikin 'yan kwanaki.

Muhyiddeen ya riƙa kawo madarar gwangwani daga Kano. Na tafasa ruwa, na wanke bulumboti, na yi duk yadda aka nuna mini. Cikin yaron ya ƙi karɓa. In ya sha sai ya dawo da ita, abin da ya zauna kuma ya fita ta ƙasa. Aka canza wata madarar, duk ɗaya. Muka kai shi asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, ma'aikaciyar ta ce in da hali a samar masa nono. Na zaga unguwa. Ashe magana ta riga ni zuwa. Masu goyo suka riƙa ba ni uzuri, wannan nononta ba ya isar nata, waccan mijinta ba ya gari. Mata in sun shigo gaisuwa, maimakon su ɗauki jariri kamar yadda aka saba, sai su leƙa shi daga tsaye su ce hannunsu da sanyi. Wata tsohuwa ta ce ikon Allah, mai sunan wadda ta shayar da Manzon Allah, ga ɗanta ya rasa mai shayar da shi. Ta faɗa ta share hawaye, amma jikarta mai goyo ba ta aiko ta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Safiyya. In Ridwan ya yi kuka nononta kan kawo har ya jiƙa mata riga. Sai ta ɗauki Walida ta fita bayan gida ta tsaya wajen turken awaki har ya yi shiru. Ta daina haɗa ido da ni. Ita ke wanke masa tsumma, ita ke tafasa ruwan madarar, abu ɗaya ne kawai ba za ta iya ba. Ni kuma ban san gaskiyar lamarin ba. Na san dai jikana ne, ko da wuta ce a jikinsa zan goya shi. Amma in mutum ya ce mini hasken ne, ba ni da amsar da zan ba shi.

Ana cikin haka Malama Laraba ta zo ta'aziyya. Ba ta ƙasar lokacin rasuwar, ta je wani taro na aikinsu, dawowarta ke nan. Ta shigo da gyale a kanta, ta durƙusa ta gaishe ni, muka yi ta jera gaisuwa. Ridwan na kwance a gefena a kan zani. Ba ta jira an miƙa mata ba, ta sunkuce shi ta ɗora a ƙirji, ta sa hanci a kansa tana shinshinawa. Rabon da wani baƙo ya taɓa yaron har na manta. Ta shafa maɗigarsa da ɗan yatsa ta ji ta faɗa, ta ɗaga hannunsa ta ga fata ta yi yaushi. Ta tambaye ni me yake sha. Na kwashe labari duka na gaya mata. Da na gama na ce:

"Malama, ke kika kai ta karatun nan. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, shi ne ya kashe ta?"

Ta dube ni ta ce:

"Inna, ba shi ba ne. Da shi ne, da na faɗa miki ko da za ki kore ni daga gidan nan. Jinin haihuwa ya ɗauki yayata a ƙauyenmu, ita ko ƙofar makaranta ba ta sani ba."

Ta yi mini bayani a hankali. Ta ce hasken injin kamar na tocila ne, in ka haska bango ka kashe, ba abin da ke saura a bangon. Masu aikin ma ba sa tsayawa a ɗakin in an kunna, suna bayan katanga mai kauri. Bajin kuma ba magani ba ne, ba kariya ba ne, ma'auni ne kawai kamar mudu, ana ba kowane ma'aikaci, mai ciki a ƙara mata na biyu don a ninka kula. Ta ce wannan shi ne abu na farko da suke koya wa ɗalibai tun kafin a bar su su kusanci kowane inji.

Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina, amma yaron bai ƙoshi da bayani ba. Malama ta ce a kira Safiyya. Safiyya ta zo ta saurara, ta ce ta yarda, wallahi ta yarda, sai dai maganar uwarta na nan a kanta. Malama ta ce to a aika a kira uwar. Na ce ba za a yi haka ba. In aka kira ta gidan surukai aka nuna mata kuskure a gaban mutane, ko ta gane ba za ta janye ba. Wanda ya ɗaura shi ke kwancewa, kuma a ɗakinsa. Malama ta gyaɗa kai ta ce in haka ne mu shirya gobe, za ta nemi izini a sashensu ta ɗauko na'urar da suke koyar da awo da ita.

Da safe Babba ya samo mota. Ni da Ridwan a baya, Safiyya da Walida, Malama a gaba da wata jaka a cinya. Damina ce, gero ya fara fitar da kai a gonakin hanya. Na riƙe ƙullin goro da sabulu, don ba a zuwa wa suruka hannu rabbana. Babba ya tsaya a zaure wurin maza.

Yaya Sharifa mace ce mai faɗa amma ba ta da rowa. Ta shimfiɗa mana sabuwar tabarma, ta dama fura, aka gaisa aka sake gaisawa, aka tambayi gida da gona da ruwan bana. Ta karɓi Walida tana yi mata wasa. Ridwan ko kallonsa ba ta yi ba. Matan gidan suka fara taruwa a bakin ƙofa, sai Malama ta ce tana da ciwon kai, ko za a sakaya labule. Aka sakaya, suka watse. Muka rage mu huɗu da yara.

Na gabatar da ita, na ce malamar marigayiya ce. Yaya Sharifa ta dube ta sama da ƙasa.

"Au, ke ce mai hasken."

"Ni ce, Iya. Na zo ki duba mini wani abu ne, don an ce idonki ba ya kuskure."

Ta buɗe jaka ta fito da na'urar. Kamar ƙaramar rediyo take, da igiya da wani kai mai kama da ludayi. Ta ce wannan ita ke jin hasken da ido ba ya gani, in ta ji sai ta yi ƙara. Ta murɗa. Sai muka ji ƙas, shiru, ƙas ƙas, kamar gyaɗa ta fara fashewa a kasko. Yaya Sharifa ta ja da baya ta nuna Ridwan ta ce ga shi nan, tun daga nesa ta jiyo shi. Malama ta ce in fita da yaron har zaure. Na fita na kai wa Babba shi na dawo. Na'urar ba ta fasa ba, ƙas, ƙas, yadda take yi ɗazu.

"To yanzu wa take ji?" in ji Yaya Sharifa.

"Ɗakinki take ji, Iya. Ƙasar bangon nan, da iska, da ni da ke. Haka Allah ya halicci duniya da ɗan kaɗan ɗinsa a ko'ina. A ɗakina ma haka take yi."

Yaya Sharifa ta ce ita ba ta yarda da abin da mai shi ke riƙe da shi ba, ko boka ma ƙwaryarsa abin da yake so take faɗa. Malama ta ce gaskiya ne, ta miƙa mata na'urar gaba ɗaya, ta nuna mata yadda ake riƙe kan, ta koma gefe ta naɗe hannu. Da farko da ɗan yatsa biyu ta riƙe kamar an ba ta kunama. Ta kara a filo, ta kara a kwalla, ta kara a tafin ƙafarta. Da ta ga bai cije ta ba sai ta miƙe ta fita da shi tsakar gida, muka bi ta. Ta kara a randa, ta kara a bayan akuya. Da ta kai kan dutsen niƙa sai ƙarar ta ɗan ƙaru. Ta ɗaga, ta ragu. Ta mayar, ta ƙaru. Ta juyo ta ce dutsen nan na kakarta ne, a kansa aka niƙa abin da ya raini gidan nan kaf. Malama ta ce kuma za a ci gaba da niƙa a kansa lafiya lau, dutse ya ɗan fi ƙasa ne kawai, abin bai kai ya yi wa kowa komai ba.

Muka koma ɗaki. Malama ta ciro wata 'yar leda daga jaka, a ciki akwai wani farin zare kamar ƙaramar hula. Ta ce da wannan take nuna wa ɗalibai yadda na'urar ke yi in ta haɗu da abin da gaske. Yaya Sharifa ta karɓa ta juya shi ta ce ai wannan lagwanin fitilar gas ne irin na da. Ta kara kan na'urar. Nan take ɗakin ya cika da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Walida ta firgita ta fashe da kuka. Yaya Sharifa ta janye hannu, ƙarar ta koma ƙas, ƙas.

"Ikon Allah. Malam, maigidana, ya shekara yana ɗaura wannan da hannunsa a teburin shayi."

"Ya samu lafiya?"

"Tara na haifa masa, ban da ɓari. Dokin maƙwabci ne ya yi ajalinsa."

Malama ta ce to ta ga dai na'urar ba kurma ba ce, in akwai tana faɗa.   Yaya Sharifa ta zauna tana jujjuya kan na'urar a hannu. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, a kawo yaron.

Na karɓo shi daga zaure na kwantar a tabarma a gabanta. Ta buɗe zanin da kanta. Ina jin sai a lokacin ta ga yadda ya koma, haƙarƙari a waje, wuya kamar na ɗan tsako. Ta kara na'urar a kansa, ta kara a cibiya. Ta daɗe a kan bakinsa. Ƙas, shiru, ƙas. Ta matsa ta kara a bakin Walida, duk ɗaya. Ta kira Safiyya ta kara mata a ƙirji, dama da hagu. Ta sake komawa kan lagwanin don ta tabbata abin bai mutu ba, ya yi ruwan samansa, ta dawo kan yaron.

Ta ajiye na'urar ta dubi Malama.

"Ke kin haihu kina wannan aikin?"

"Huɗu. Babban yana bautar ƙasa, ƙaramar ta fi ni tsawo. Da ina da nono yanzu, Iya, da ban wahalar da ke ba."

"Wane nono, abin da ya zama silifa."

"Naki ma ai ba na kai wa kasuwa ba ne."

Yaya Sharifa ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ridwan ya motsa ya fara kukan nan nasa da ba ya fita sosai. Ta sa hannu ta ɗauke shi, ta auna nauyinsa a tafinta, ta ɓata fuska. Sai ta juya kan 'yarta da faɗa, ta ce yaro na kukan yunwa an zauna ana sauraron rediyo, ita me take jira. Safiyya ta miƙa hannu, sai kuma ta tsaya. Ta durƙusa a gaban uwarta.

"Inna, maganar da kika yi."

Na'urar da aka manta ba a kashe ba tana ta ƙas ƙas. Yaya Sharifa ta dubi bango.

"Na janye. Na yafe miki duniya da lahira. Karɓi ɗanki."

Bai kama nan da nan ba, ya saba da robar bulumboti, kuma ƙarfinsa ya ƙare. Safiyya ta matsa masa a leɓe, ya lasa, ya saki. Yaya Sharifa ta ce ba haka ake yi ba, ta gyara mata zama, ta tallafe masa ƙeya da hannunta. A karo na uku ya kama. Muna jin haɗiyarsa. Malama Laraba ta juya mana baya tana naɗe igiyar na'urarta, ta daɗe tana naɗewa.

Da za mu tafi Yaya Sharifa ta cika mana mota da gero da kuka da 'yar kaza. Ta ja ni gefe ta ce ita tsoro ta ji, jika ɗaya gare ta a wurin Safiyya. Na ce na sani, da ni ce a matsayinta ban san abin da zan yi ba. Ba mu ƙara tayar da zancen ba har yau. Ita ce ma ta bi matan unguwarmu da baki da ta zo ganin yara, ta ce da hannunta ta auna, duk mai shakka ta zo ta same ta.

Kafin arba'in maɗigar Ridwan ta ciko, wuyansa ya yi gaɓa-gaɓa. Shi da Walida suka tashi kamar tagwaye, yanzu 'yan'uwan nono ne, ba aure tsakaninsu. Muhyiddeen yana zuwa duk ƙarshen mako. Malama Laraba takan biyo in ta taso daga makaranta, wani lokaci da ɗalibanta mata, ta ce su gaishe da kakar ɗan ajinsu, wato Ridwan, tunda shi ma ya ɗaura baji tun yana ciki. Ta ce mini yanzu duk wanda zai fita horo a hannunta sai ya tsaya a gaban aji ya yi bayanin bajin nan da Hausar da tsohuwar gidansu za ta gane. Na kai mata man gyaɗa ta ƙi karɓa, na ce in ba ta karɓa ba ni ma ban yafe ba. Ta karɓa tana dariya.

Rashin Sadiya bai tafi ba, kuma na daina jiran ya tafi. Amma in na tuna ta ba na tuna ta da zargi. Karatun da ta yi bai cuce ta ba, kuma shi ne ya kawo mana matar da ta zo ta tsaya wa ɗanta. Na gode wa Allah da ya sa na bar ta ta tafi Zariya.

An yaye Ridwan tuni, yana gudu yana kiran Safiyya Umma, ni kuma yana ce mini matarsa, in na ƙi ba shi ƙuli ya ce ya sake ni. Tun daga washegarin dawowarmu daga Indabo nake dama wa Safiyya kunun kanwa da safe saboda nono. Nonon ya ƙare, ban fasa ba. A al'ada ita ya kamata ta kawo mini, kuma ta sha roƙona in bari, wai ina sa ta jin kunya a gaban mutane. Kullum in na idar da sallar asuba sai in hura wuta in dama, in zuba ludayin farko a kofinta, in kai har ƙofar ɗakinta in ajiye, in ƙwanƙwasa in dawo.